Daga Ruwan Bagaja Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatun Littattafan Hikaya a Sabo



Kwanakin baya Liman ya yi tafiya, ni na ja sallar Magariba a ɗan masallacin layinmu. Da aka sallame, wani maƙwabcina ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, don Allah in za ka yi wa'azi ka taɓo mana maganar littattafan soyayyan nan. 'Yar wajena sai ta kai sha biyun dare tana karatu a waya, in an aike ta ma sai ta manta abin da aka ce ta sayo." Na ce, "Alhaji, da wane harshe take karantawa?" Ya ce da Hausa. Na ce, "To, a wace makaranta aka koya mata karatun Hausa?" Ya yi shiru, can ya ce shi dai bai san an koya mata ba, don makarantarsu Turanci ne da Yarbanci.

Na yi masa alkawarin zan yi magana, amma ba a kan mumbari ba. Dalili kuwa, ni kaina ina da laifin da na taɓa yi a kan waɗannan littattafai, zan faɗe shi nan gaba. Kuma wanda zai yanke wa abu hukunci, ya kamata ya fara sanin asalinsa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani na tarihinsu, da yadda suka iso mana nan Ibadan.

Kowa ya sani an kafa Sabo a 1916, lokacin da aka tattara Hausawan da ke warwatse a cikin gari aka ba su wannan wuri kusa da Mokola. Fatauci ne ya kawo kakanninmu: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, shi ne ya ƙara wa harkar ƙarfi. Karatun mutanen wancan lokaci na allo ne da littattafan fiƙihu, wasiƙa kuma da lissafin ciniki da ajami ake rubuta su. Amma kada a ɗauka ba su da labaran nishaɗi. Da daddare tsofaffin mata kan tara yara su yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da Dodo, da 'yar sarkin da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. A zaurukan masu gida kuwa, inda baƙin fatake ke sauka, akwai masu ba da hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya da labaran yaƙe-yaƙe. Ashe son labarin aljanu da jarumai da masoya ba yau ya fara a cikinmu ba. Da baki ake ba da shi, daga baya ya koma takarda.

Komawarsa takarda da boko ta samo asali ne a 1933. A shekarar nan wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, ya sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

A duba abin da ke cikinsu. Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne da ya bar gida neman wani ruwan magani, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, har tafiya ta kai shi wurin aljanu. Ganɗoki jarumi ne da ya gwabza da Turawa, daga nan labari ya ɗauke shi zuwa ƙasashen aljanu. Jiki Magayi kuwa soyayya ce tsantsa: saurayi da budurwa suna son juna, mai kuɗi ya shigo ya raba su, saurayin ya tafi neman abin da zai rama da shi, ramuwar ta zama masifa ga kowa. Wato tun ranar farko abubuwa biyun nan da yaranmu ke so yau, labarin mamaki da labarin so, su ne aka fara bugawa. Kuma su waye marubutan? Imam da Bello Kagara 'ya'yan gidan malamai ne, Bello har ya zama Walin Katsina. Tafawa Ɓalewa kuwa shi ne ya zama Firayim Ministan ƙasar nan.

Daga 1937 zuwa 1939 Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce littafi uku, inda aku ke riƙe ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Imam ya ɗebo labaran daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu riga da hula irin tamu, har mai karatu ya rantse a Katsina ko Zariya abin ya faru. A 1939 ɗin aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, an sami irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi gurgu sannan Allah ya ba shi ƙarfin da ya gagari kowa. A 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Bahaushe aka yi yawo da shi a sararin samaniya.

Waɗannan littattafai a Arewa a makaranta ake karanta su. Mu nan Kurmi ba haka ba ne. Ɗan Sabo in ya shiga firamare, Turanci da Yarbanci zai tarar, in ya dawo ya tafi allo ko Islamiyya. Hausar boko ba ta da aji. Littafin Hausa sai dai ya zo a cikin jakar baƙo. Na tashi na tarar da Magana Jari Ce na ɗaya a gidanmu, bangonsa ya cire, an ɗinke shi da zare. Wani yaron mahaifina ne ya zo da shi daga Zariya, in an gama ɗaurin goro da yamma sai ya zauna kan huhu ya riƙa karanta mana, mu yara muna kewaye da shi. Ni a nan na gane cewa baƙaƙen da nake gani a littafin Turanci za su iya faɗin maganar da Inna ke yi a gida. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Son in san abin da aku zai ce gobe ne ya koya mini.

Babban canji ya zo a 1980. Kamfanin NNPC na Zariya ya sa gasa, ya buga littattafai uku da suka yi nasara: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Na Hajiya Hafsatu shi ne ƙagaggen littafin Hausa na farko da aka buga wa mace. Labarin wata Bafulatana ne da ta dage sai ta auri wanda take so ko da ba ɗan ƙabilarsu ba ne, kuma har da aljana a ciki. Mu da muke zaune cikin Yarbawa, mun san nauyin wannan magana ta auren bare fiye da kowa.

Abubuwa uku ne suka haɗu bayan nan. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara maza da mata a Arewa waɗanda suka iya karanta Hausa, suna neman abin karantawa. Na biyu, tattalin arziki ya karye, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya sai littattafan makaranta. Na uku, finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silima sun saba wa matasa da labarin masoyan da iyaye suka hana. Sai matasa a Kano da Kaduna da Zariya suka ce ba sai sun jira kamfani ba. Mutum ya rubuta labarinsa, ya kai wa mai keken rubutu, ya tara kuɗi ya buga a ƙaramar maɗaba'a, ya kai kasuwa da kansa. Don kuɗin bugu ba ya isa, sai a raba labari kashi biyu ko uku, a tsaya daidai inda ran mai karatu zai tashi, in na ɗaya ya sayu a buga na biyu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama a Kano.

Daga nan sai ambaliya. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, wanda kusan ba gidan da bai shiga ba. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta zo da Allura Cikin Ruwa. Samari kuma suka sami nasu, waɗanda muke kira littattafan yaƙi, masu sadaukai da matsafa da takubba da biranen aljanu, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih. In ka duba da kyau, waɗannan jikokin Ganɗoki ne da Iliya.

Yaya suka iso Sabo? Ta hanyar da komai namu ke isowa. Motar da ta kai goro Kano ba ta dawowa wayam, direba ko yaron mota zai riƙo ƙunshin littattafai. Amaryar da aka kawo daga Arewa za ta zo da su a ƙasan akwati. Masu tebur da ke sayar da turare da carbi da kaset ɗin wa'azi suka fara ajiye su a gefe. Sai kuma haya: yarinya ta ba da 'yan kwabbai ta karɓi littafi na kwana ɗaya ko biyu, kafin ya koma ya zaga gida biyar. Matan kulle su ne manyan masu karatu. Wadda ta iya za ta karanta da ƙarfi, kishiyoyi da maƙwabta suna tsinkar shinkafa suna saurare, ana gardama kan wa ke da gaskiya tsakanin uwargida da amarya. Da yawa daga cikin masu sauraron nan sun gaji da jiran mai karanta musu, suka sa yara suka nuna musu baƙaƙe, suka koya.

To, ba a bar su sun sha ruwa ba. Malamai a kan mumbari suka ce suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye da rashin kunya. A jami'a ma aka yi ta muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da inganci kuma ba za su daɗe ba, irin su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka kare su. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta tara irin waɗannan littattafai ta ƙone a wata makarantar 'yan mata, hukumar tace finafinai ta jihar kuma ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu.

Ni na riga Kano ƙonawa. A farkon shekarun 1990 ina saurayi, na fara zama gaban malamai, jinina yana tafasa, ina ganin duk abin da ba na Larabci ba ɓata lokaci ne. Wata rana na shiga ɗakin Inna na tarar da ƙanwata ta ɓoye littattafai a ƙarƙashin katifa, sun kai goma. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na kwashe su na kai murhu. Tana kuka tana cewa, "Yaya, don Allah ka bari, rabinsu na haya ne, ba nawa ba ne." Ban saurare ta ba. Inna ba ta ce mini komai ba sai da dare, ta kira ni ta ce, "Kai da aka karanta maka na aku, wa ya ƙone maka?" Ita ta biya kuɗin mai haya daga cinikin ƙosanta.

Shekaru bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu, ba kasuwa ba masallaci. Na ga Wa Zai Auri Jahila? a ɗakin mai ɗakina, na ɗauka don in sami abin faɗa. Ban ajiye ba sai da na gama. Labarin Abu ne, yarinyar da ubanta ya cire daga makaranta, saurayinta ɗan boko ya guje ta don wai jahila ce, aka aurar da ita ga tsoho dole, ta sha wuya, daga baya ta koma karatu ta zama abin kwatance. Na ajiye littafin ina jin kunya, don a layinmu kaɗai na san Abu fiye da ɗaya, kuma an ɗaura auren wasunsu ina zaune ina shafa fatiha. Abin da littafin ke faɗa bai saɓa wa abin da muka karanta a fiƙihu ba game da neman yardar mace da wajabcin ilimi a kanta. Mu ne muka karanta muka wuce, marubuciyar ta tsaya ta nuna mana shi a cikin gida. Ƙanwar tawa kuwa yau ita ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarsu, kuma da Hausar boko take rubuta musu fassarar hadisai a allo. Na tambaye ta inda ta ƙware, ta yi dariya ta ce, "A littattafan da ka ƙone." Na nemi gafararta, ta yafe.

Kada a ce Malam ya wanke littattafan soyayya tas. A'a. Masu suka suna da gaskiya a wurare. Akwai waɗanda ba komai cikinsu sai motoci da gwala-gwalai da gidan sama, har yarinya ta raina saurayi mai sana'ar hannu. Akwai masu nuna boka yana biyan buƙata. Akwai na batsa ƙarara. Akwai kuma cin lokaci, a bar salla a bar aiki. Amma ai a kasuwa ma akwai goro na ƙwarai akwai mai tsutsa, ba mu taɓa cewa a rufe kasuwar goro ba, tsincewa muke yi. Kuma ba da labari don a ɗauki darasi ba baƙon abu ba ne a addininmu. Surar Yusuf sura ce guda a kan ƙissa ɗaya, da hassadar 'yan'uwa da jarrabawar so da haƙuri da yafiya a cikinta.

Yau kasuwar takarda ta ja baya. Finafinan Kano sun ɗauke wasu marubutan tun shekarun 1990, gidajen rediyo suna karanta littattafai, sannan wayar hannu ta zo ta kwashe sauran. Yanzu marubuciya a wayarta take rubutawa, ta tura shafi-shafi ta WhatsApp, wani kyauta wani sai an biya. Darajar rubutun ma ta ƙaru ta wani gefen: an fassara Alhaki Kwikwiyo Ne zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, kuma tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata marubuta. Amma hatsarin ya fi na da. Littafin takarda ana ganinsa a ƙarƙashin katifa, na waya ba mai gani. Da marubuci yana tsoron sunansa a bango da idon mai shago, yanzu wasu da sunan ƙarya suke rubutu, ba mai dubawa. Rubutun Hausar ma ya lalace, ana haɗe kalmomi ana cusa Turanci ba dalili.

Duk da haka ga abin da nake so mu tuna. Jikokinmu a Sabo da Yarbanci suke wasa a waje, da Turanci suke karatu, Hausa ta rage a tsakar gida, wasu ma in sun je Kano dariyar Hausarsu ake yi. Ba mu da makarantar da ke koyar da rubutun Hausa. Tsawon shekara tamanin, abin da ya riƙe mana karatun harshenmu a wannan unguwa shi ne labari mai daɗi da yaro ke ƙagara ya ga ƙarshensa. In muka hana wannan ba mu ba da madadi ba, yaran ba za su daina karatu ba, za su koma na Turanci ne waɗanda ba mu san abin da ke ciki ba, kuma babu ko sallama a cikinsu.

Saboda haka ga amsata ga maƙwabcina, da duk uba ko uwa mai irin kukansa. Kada ka fara da ƙwace waya. Ka zauna ka ce, "'Yata, ba ni labarin abin da kike karantawa." Daga yadda za ta ba ka, za ka gane ko mai kyau ne, za ka kuma ji abin da ke ranta game da aure wanda ba za ta taɓa faɗa maka kai tsaye ba. In ba ka iya ba, uwarta ko gwaggonta ta karanta tare da ita. A sa lokaci: ba karatu sai an yi salla an gama aiki, kuma waya ba ta kwana a ɗakin yara. Wanda aka ga na batsa ne a hana, a kuma faɗi dalili. Sannan duk mai zuwa Kano ko Zariya sayayya ya riƙo wa gidansa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, har yanzu ana samunsu, kuɗinsu bai kai na atamfa ɗaya ba.

Ina kuma roƙon shugabannin Islamiyyoyinmu su duba yiwuwar ware awa ɗaya a mako don koyar da karatu da rubutun Hausa, boko da ajami, a ajiye ɗan kabad na zaɓaɓɓun littattafai da yara za su riƙa ara. Ni na ɗauki nauyin guda goma na farko, adadin da na ƙone. Wanda ke da tsofaffi a gida yana iya kawowa shagona bayan La'asar.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya gafarta wa iyayenmu da suka kafa mana wannan unguwa. Wassalamu alaikum.